Jawabi Kan Binciken Ruwan Sha a Ƙasar Anka, Bukkuyum da Gummi



Magana ce na kawo a kan ruwan da muke sha. Kun tuna shekarar 2010, lokacin da yara suka riƙa mutuwa a Dareta da Abare da Bagega ta ƙasar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF suka fara lura, aka auna jinin yaran, aka ga gubar dalma ce. Amma likita shi kaɗai bai iya gano inda take fitowa ba. Sai da masana duwatsu suka nuna cewa dutsen zinariyar da ake daka a cikin gidaje yana ɗauke da dalma. Masana ƙasa suka auna ƙurar tsakar gida. Masana ruwa kuma suka auna rijiyoyi da kududdufai, suka sami dalma mai yawa a kududdufan da ake wanke dutsen, inda dabbobi ke sha. Daga nan aka shiga kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka gama na Bagega a 2013. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a Gummi cikin watan Agusta 2024. Sanin ranar da gulbi zai cika yana bukatar mai auna ruwan sama, da mai auna gulbi, da manomin fadama wanda ya san inda ruwa ya tsaya bara.

To jama'a, ku ma kuna da rabo a wannan aiki. Ku da kuka koyi rubutu, ku sami littafi. Kowane farkon wata ku rubuta gaba nawa igiyar guga ta shiga kafin ta taɓa ruwa. Ku rubuta ranar da ruwan sama ya sauka da ranar da gulbi ya tumbatsa. In ma'aikatan ruwa sun zo, ku nuna musu.

Kada a daka ko wanke dutsen zinariya kusa da rijiya ko cikin gida. Ku sani dalma ba ta da wari, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Sabuwar rijiya, a nemi a auna ruwanta kafin yara su sha.

Allah ya kare mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.