Daga Sabo Zuwa Ilorin A Kan Keke: Jawabin Masu Keke Na Unguwa A Taron Jama'a



Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu limamai, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa 'yan kasuwa, samari da sauran jama'ar da suka halarci wannan zama, muna yi muku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri. An ba mu wannan dama ne, mu masu hawan keke na nan Sabo, domin mu yi bayanin abin da muke yi, da yadda tafiyarmu daga Ibadan zuwa Ilorin ta kasance, sannan mu gabatar da buƙatunmu. Mun san maganganu sun yi yawa a majalisu a kan wannan tafiya. Wasu sun yaba, wasu sun ce wasan yara ne bai kamaci masu furfura ba, wasu iyaye kuwa sun ce ba za su sake barin 'ya'yansu su hau titin tireloli da keke ba. Duk mun ji, kuma wanda ya ji wa ɗansa tsoro ba a ce ya yi laifi ba. Shi ya sa muka ga ya fi dacewa mu zo gaban manya mu baje komai a faifai.

Da farko dai, keke ba baƙo ba ne a unguwar nan. Tun da aka kafa Sabo a 1916, iyayenmu ba su zauna wuri ɗaya ba, kuma dattawan da ke nan za su tuna lokacin da mai Raleigh yake da daraja irin ta mai mota a yau, yana goge ta kowace safiya, yana ɗaure kaya a kariya ya nufi kasuwa. Da babura da motoci suka yi yawa sai aka jingine keke, har ta kai ana kallon mai hawansa a matsayin wanda abin hannunsa ya ƙare. To, ranar 29 ga Mayun 2023 gwamnatin tarayya ta ce ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na okada suka yi tashin gwauron zabo, sai wasunmu suka zaro tsofaffin kekunansu daga bayan ɗaki suka kai wa mai gyara. Da haka muka riƙa haɗuwa a hanyar Bodija da sassafe, ana gaisawa ana dariya, daga nan shawara ta zo cewa mu riƙa fita tare.

Abin da muke yi ba wani boyayyen abu ba ne. Kowace Lahadi bayan sallar asuba mukan taru mu fita, mu dawo kafin rana ta ɗaga, kowa ya kama harkarsa. Muna da adashe wanda duk wanda ya kwasa zai sayi keken gwanjo mai giya, ko ya gyara nasa. Akwai mai gyaran keke a cikinmu wanda ya ɗauki nauyin koya wa samari yin faci, da ɗaure birki, da mayar da sarƙa idan ta zame, kuma ba ya karɓar ko kwabo. Dokarmu ta farko ita ce ba a karɓar yaro sai mahaifinsa ya zo da bakinsa ya ce ya yarda. Ta biyu, duk wanda aka kama yana tsere a titi ko yana riƙe bayan mota tana jansa, to ya huta a gida wata guda.

Tafiyar Ilorin ba tashi ɗaya muka yi ta ba. Mun fara ne da tudun Mokola, wanda duk mai keke a garin nan ya san shi. Sai da mutum ya iya hawansa bai sauka ya tura ba, sannan muka wuce da shi ta Sango da ƙofar Jami'ar Ibadan zuwa Ojoo a dawo. Bayan makonni muka ƙara zuwa Moniya. Jarrabawar ƙarshe ita ce zuwa Oyo da dawowa a rana ɗaya, wato wajen kilomita 100 ke nan jimla. Wanda bai yi wannan ba, ko ɗan wane ne, ba mu rubuta sunansa ba. A ƙarshe mu 14 muka cika sharaɗi, 5 dattawa, 9 samari.

Jama'a, ga inda muke so a saurare mu da kyau. Da muka zauna tsara tafiyar, ba mu je neman dabara a wani wuri ba, tsarin ayarin kakanninmu muka ɗauko. Kafin jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro da ƙafa da jakuna, tafiyar watanni, kuma ba ƙarfi ne ya kai su ya dawo da su ba, tsari ne. Ayari yana da madugu wanda maganarsa ce ta ƙarshe, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, yana da uban dawaki mai kula da guzuri da biyan abin da za a biya, yana da malamin ayari, kuma kowa ya san zangon da za a sauka tun kafin a ɗaura kaya. Haka muka yi. Jagabanmu yana gaba, ba mai wuce shi ko da ƙafarsa tana ƙaiƙayi. Madugu yana can ƙarshe tare da wanda ya fi kowa rauni, domin gudun ayari gudun na baya ne. Bayansa kuma motar wani ɗan'uwa ce ɗauke da ruwa, da famfo, da tayoyi, da akwatin magani, tana tafe da fitilun gargaɗi a kunne. Mako guda kafin tashi mun aika wa shugabannin Hausawan Oyo da na Ogbomoso da na Ilorin cewa muna tafe, mun kuma je ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa muka sanar da su rana da hanya.

Mun tashi ranar Asabar cikin hunturu, gari ya fara wayewa, a jere ɗaya bayan ɗaya a gefen dama, kowa da hular kwano da riga mai ƙyalli. Tsakanin Ibadan da Ilorin wajen kilomita 160 ne, saboda haka muka raba ta kwana 2. Bayan kowace awa guda mukan tsaya minti 10, a sha ruwa ko ana jin ƙishi ko ba a ji, a ci dabino ko ayaba. Uban dawakinmu ya haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake koyarwa a asibiti: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen masu zuba gumi. A Fiditi muka sayi lemo, kafin hantsi ya yi zafi muna cikin Oyo, inda 'yan'uwa na Sabon can suka tarbe mu da koko da ƙosai.

Daga Oyo zuwa Ogbomoso nan ne wurin da iyaye suke tsoro, kuma suna da gaskiya, domin hanya ce ta tireloli da tankokin mai masu ɗauko kaya daga Ikko zuwa Arewa. Iskar tirela kaɗai idan ta wuce kusa da mai keke tana iya jefa shi daji. Dokar da muka kafa ita ce idan madugu ya busa usur sau 2, kowa ya sauka daga kwalta ya tsaya har babbar mota ta wuce. Mun yi haka ba adadi, ya ci mana lokaci, amma sannu ba ta hana zuwa. An yi faci sau 3 a wannan tsakani, sarƙar mutum ɗaya ta tsinke aka haɗa ta a bakin hanya. Wani dattijonmu jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, madugu ya ce ya shiga mota, ya so ya yi gardama, aka tuna masa alkawarin da kowa ya ɗauka a gida, ya shiga. Da yake tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu suka ambata, mun yi sallolinmu ƙasaru. La'asar sakaliya muka shiga Ogbomoso, muka kwana a hannun jama'ar Sabon can, waɗanda suka yi mana abin da ba za mu iya biya ba.

Washegari da sassafe muka ɗauki ragowar hanyar, dattijon nan ma ya koma kan sirdinsa, kafin azahar muka shiga Ilorin mu 14 cif, ba wanda ya ƙuje ko gwiwa. Alhamdu lillahi. Mun ziyarci 'yan'uwa a unguwar Gambari, muka huta, sannan muka loda kekuna a mota muka dawo gida, domin tun farko ba mu yi niyyar dawowa a kan keke ba.

To, me aka samu? Na farko lafiya. Yawancinmu 'yan kasuwa zaune muke wuni a rumfa, daga tabarma sai kujera, ga shayi mai sukari ga tuwon dare, shi ya sa hawan jini da ciwon sukari suka zama ruwan dare a tsakaninmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma keke ba ya dukan gwiwa kamar gudu. Amma muna jan hankali: duk wanda ya haura 40, ko yake shan maganin hawan jini, ya fara ganin likita kafin ya biyo mu.

Na biyu tarbiyya. Yaron da ya san zai tashi da asuba ya yi kilomita 40 ba ya kai tsakar dare a bakin titi, kuma da kansa yake gudun sigari da ƙwaya domin numfashinsa zai tona masa asiri a kan tudu. Wanda ya koyi tsayawa ya jira na baya ya koyi abin da zai amfane shi a kasuwa da cikin gida.

Na uku zaman lafiya da masu masaukinmu. Ba wanda ya manta abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, da rayuka da dukiyar da aka rasa. A cikin mu 14 ɗin nan, 3 Yarbawa ne maƙwabtanmu, kuma ɗayansu ne jagaba domin ya fi mu sanin hanyar. A ƙauyukan da muka ratsa shi yake shiga gaba ya yi gaisuwa, a Sabon Oyo da na Ogbomoso kuma mu muke gabatar da shi. Kwano ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwana. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, to feda ma da ƙafa ake taka ta.

Masu cewa keke na yara ne ko na marasa hali, muna tuna musu cewa a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yunin kowace shekara ta zama ranar keke ta duniya. A 2024 wata 'yar ƙasar nan, Ese Ukpeseraye, ta zama ta farko daga Nijeriya da ta shiga tseren keke a gasar Olamfik a birnin Faris, har sai da 'yan wasan Jamus suka ara mata keke a wani sashe na gasar. Ke nan masu iyawa muna da su, kayan aiki ne ke ƙaranci. Masu cewa akwai haɗari kuwa, ba mu musa ba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, mota ta banke shi a kan kekensa a Abuja. In minista bai tsira ba, ɗan Sabo ba zai ce ya fi ƙarfin titi ba. Amma ku duba, jama'a: yaranmu suna hawan keke ko da mu ko ba mu, ana aikensu Dugbe da Bodija cikin motoci ba hula ba birki mai kyau. Hana su shiga cikinmu ba zai sauke su daga keke ba, sai dai ya raba su da masu koya musu doka.

Saboda haka buƙatunmu 3 ne. Na ɗaya, muna roƙon wannan ƙungiya ta karɓe mu a ƙarƙashinta, ta naɗa dattawa 2 da za su riƙa duba tsarinmu da asusunmu, kuma kada mu sake yin doguwar tafiya sai da izininsu. Na biyu, muna roƙon masu hali su taimaka da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli, domin akwai samarin da ke da keke amma hula ta gagare su, mu kuwa ba ma fita da mai kai a buɗe. Na uku, muna roƙon iyayen da ke da shakka su fito ranar Lahadi mai zuwa bayan asuba su ga yadda muke jeruwa, su tambayi duk abin da suke so, domin gani ya kori ji. Wanda ya gani bai gamsu ba, ɗansa nasa ne, ba za mu ɗauke shi ba. Dattijon da kuma yake da tsohuwar Raleigh a jingine, ya kawo ta a duba masa kyauta.

Muna godiya ga ɗan'uwan da ya ba da motarsa da mansa, da shugabannin Hausawan Oyo da Ogbomoso da Ilorin, da iyayen da suka amince mana da 'ya'yansu. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya kiyaye matafiyanmu a duk inda suke, ya zaunar da garin nan da ƙasarmu lafiya.