Gane Ciwon Mota Daga Kukan Injinta



Abin da za a tattauna a kai yau shi ne kukan injin mota, da yadda mai hankali zai saurare shi ya gane lafiya ko rashinta. Watakila wani ya ce wannan ai zancen gareji ne, me ya kawo shi zauren jami'a? Amsar ita ce, in an ɗebe gida, ma'aikaci ba shi da wata kadara da ta kai mota tsada, sau da yawa kuwa da bashi ya saye ta, ana yankar albashinsa wata-wata. Inji kuma ba safai yakan mutu farat ɗaya ba. Yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana kai ƙara ga mai shi, shi kuwa mai shi sai ya ƙara wa rediyo murya. Ranar da inji ya buga a tsakiyar daji, tsakanin Zariya da Funtuwa, da iyali a baya, ga rana tana shirin faɗuwa, a sa'an nan ne ake tunawa da cewa lalle an daɗe ana jin wani ɗan ƙwas-ƙwas.

A shekarar 1816 wani likita a ƙasar Faransa, René Laennec, ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjin majiyyaciya, ɗayan a kunnensa, ya ji bugun zuciya ya fito sarai. Daga nan aka sami abin sauraren da likitoci ke ratayawa a wuya. Tsohon bakanike a Panteka ta Kaduna, wanda bai taɓa jin sunan Laennec ba, irin wannan aikin yake yi sa'ad da ya ɗauki doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotarta a ƙashin kunnensa. Dalilinsu ɗaya ne: abin da ke da ciwo a rufe yake, ido ba ya kai masa, buɗe shi kuwa yana da tsada. A nan ji ne ke riga gani.

Kafin a gane baƙon kuka sai an san na gida. Galibin injunan motoci suna aiki ne bisa tsarin nan mai zango huɗu wanda Nikolaus Otto ya kammala a Jamus a 1876. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi wuta ta kama ta tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin waɗannan zangogi huɗu su cika, karanshaf, watau babban sandan da ke ƙasan inji, ya juya sau 2, amma kamshaf mai buɗe bawuloli ya juya sau 1 tak. Wannan ɗan lissafi ya cancanci a riƙe shi. Injin da ke tsaye yana juyi 800 a minti, kamshaf ɗinsa 400 yake yi. Saboda haka bawul ɗaya mai ƙara zai yi ta kusan sau 7 a daƙiƙa, abin da ke bin juyin karanshaf kuwa zai kai sau 13. Galibi ƙara mai tafiyar hawainiya daga saman inji take, mai gaggawa kuma daga ƙasa. Gyaran sama aikin yini ne. Gyaran ƙasa sai an sauke inji.

Tambayar farko ita ce ko ƙarar ma ta inji ce. Mutane da yawa sun biya kuɗin buɗe inji alhali ciwon yana ƙafa. Sai a tsai da mota, a sa giya a firi, a taka totur a hankali. In ƙarar ta tashi tare da injin ta kuma sauka tare da shi, to tasa ce. In kuwa ba a jinta sai mota tana tafiya, tana ƙaruwa da ƙaruwar gudu ko da an taka kuloci, sai a nemi boris na ƙafa, ko taya, ko birki. Ƙas-ƙas-ƙas ɗin da ake ji sa'ad da aka murɗe sitiyari ƙarshe ana shan kwana, a motar da ke ja da ƙafafun gaba, na gaɓar shaf ne. Wadda ke zuwa da an taka kuloci ta ɗauke da an sake shi, ta boris ɗin kuloci ce.

Mafi yawan ƙarar da ke firgita sabon mai mota ita ce mafi arha: tsuwar bel. Da asuba, musamman da damina ko in an kunna na'urar sanyi, sai a ji wani siririn ihu kamar na ƙofar da ta rasa mai. Bel ne ya saki ko ya sulɓe yana zamewa a kan fuli. Bakanike yakan cire bel ɗin ya ta da inji na ɗan lokaci kaɗan. In ƙarar ta ɓace, laifin yana ga bel ko ga ɗaya daga cikin abubuwan da yake juyawa, kamar famfon ruwa ko janaretan caji. Arharsa kada ta sa a raina shi, gama a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa, in ya tsinke inji zai tafasa cikin 'yan mintoci.

Sai caf-caf ɗin bawul, wanda ke kama da ƙarar keken ɗinki. Tsakanin bawul da abin da ke danna shi akwai 'yar rata da masu ƙira suka bari da gangan, ba ta kai rabin milimita ba, domin ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. Waɗanda suka riƙe Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, har ta zama motar ma'aikata, sun san zuwa gareji a saita tafet da sukudireba da sifana. Injunan zamani da yawa suna cike wannan rata da kansu ta hanyar matsin baƙin mai, shi ya sa sukan yi ƙara 'yan daƙiƙoƙi da safe su yi shiru. In ƙarar ta ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, a dubi baƙin mai, ko ya ragu ko ya yi datti. Akwai kuskuren da ya kamata a ja kunne a kansa: wani mai mota yakan matsa wa bakanike ya ɗaure tafet har inji ya yi tsit. Bawul ɗin da aka hana rata ba ya rufuwa sosai in ya yi zafi, wuta takan bi ta gefensa ta cinye shi. 'Yar ƙara kaɗan a nan ta fi shiru alheri. Akwai kuma mai kwaikwayonta, watau hujin gaskit a inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji. Shi yakan yi tsanani da sanyi, ya lafa in ƙarfe ya kumbura, kuma yakan bar baƙin zane na hayaƙi a wurin.

Yanzu sai ƙarar da ta fi kowace tarihi. Direba yana hawan tudu da kaya, ya bar mota a babbar giya, ya danne totur, sai ya ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Ba wani ƙarfe ne ya kwance ba. Ƙa'ida ita ce wuta ta tashi daga bakin fulogi ta bi cikin silinda a jere, kamar yadda wutar daji ke cin ciyawa. Amma in zafi da matsi sun yi yawa, ragowar fetur ɗin da wutar ba ta kai masa ba yakan kama da kansa gaba ɗaya, ya fashe, girgizar ta doki bangon silinda. Amon wannan duka ne kunne ke ji. In abin ya daɗe yakan ɓantare gefen fistan, ya karya ringi, ya ƙona gaskit, har ya huda kan fistan ɗin.

Wannan matsala ita ta daɗe tana hana masu ƙira ƙara wa inji ƙarfi. Harry Ricardo a Ingila ya yi bincike mai zurfi a kanta. A 1921 Thomas Midgley, yana aiki da kamfanin General Motors a Amurka, ya gano cewa ɗan sinadarin dalma kaɗan a cikin fetur yana kashe ƙarar. A cikin shekarun 1920 ɗin ne kuma aka tsara ma'aunin oktan, wanda ke nuna jimirin fetur ga matsi. Inji ya yi shiru, amma duniya ta biya diyya mai nauyi, domin dalmar tana fita ta salansa ta shiga jinin mutane, ta fi kuma yi wa ƙwaƙwalwar yara lahani. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da irin wannan fetur a farkon 2006, Aljeriya kuwa, wadda ta zama ta ƙarshe a duniya, sai a 2021.

A ƙasashen nan abubuwan da suka fi jawo wannan ƙara sanannu ne. Akwai fetur ɗin gefen titi da aka gauraya da kananzir, wanda oktan ɗinsa ke ƙasa ƙwarai. Akwai tayimin da aka tura gaba fiye da kima domin mota ta yi zafin nama. Akwai lagireto da ya toshe, ga zafin bazara. Akwai kuma gawayin da ya taru a kan fistan. Akwai rowar sauya giya, wadda ba ta bukatar bakanike. Injunan yanzu suna da wata 'yar na'ura a jikinsu mai jin wannan girgiza, ta sanar da kwamfutar mota ta ja tayimin baya. Sakamakon haka direba ba ya jin kome, sai dai ya ga mota ta yi nauyi tana shan mai. Injin dizal, ya kamata a faɗa, ƙwal-ƙwal ɗabi'arsa ce, tun da matsi ne ke kunna mansa ba fulogi ba.

Wadda ake tsoro ita ce ta ƙasa. Tsakanin karanshaf da sandan fistan akwai wasu ɓawon ƙarfe masu laushi da bakanikai ke kira metal. A lafiyayyen inji ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a wurin. Karanshaf yana yawo ne a kan wani shimfiɗin baƙin mai wanda bai kai kaurin silin gashi ba. In mai ya ƙare, ko ya tsinke saboda tsufa, ko ƙurar hunturu ta sami hanyar shiga saboda matatar iska ta yage, sai metal ya cinye, rata ta buɗe, kowane juyi sandan ya riƙa dukan karanshaf kamar guduma. Ƙarar mai nauyi ce, gwaf-gwaf, tana ƙaruwa in inji ya yi zafi domin mai ya tsinke, tana fitowa sarai in an ɗan taka totur an sake. Bakanike yakan tabbatar ta hanyar kashe silinda ɗai-ɗai. Wanda aka kashe ƙarar ta ragu, shi ne mai ciwon. Sau da yawa jar fitilar mai takan riƙa ƙyaftawa in mota tana tsaye. Wannan fitila ba cewa take yi mai ya ragu ba, cewa take yi matsinsa ya faɗi, kuma hukuncinta ɗaya ne: a gangara gefen hanya a kashe inji nan take. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya kai gari, yana iya mai da gyaran metal ya zama sayen inji, gama sandan yakan karye ya fasa bangon inji ya fito waje.

Tana da 'yar'uwa da ake rikita su, watau ƙarar fistan da ya yi wa silinda kaɗan yana kaɗawa. Bambancinsu a zafi yake. Ta fistan da sanyin safiya take zuwa, ta ragu in ƙarfe ya kumbura, kuma mota takan yi shekaru da ita. Ta metal kuwa zafi ne ke ƙara mata murya. Mai niyyar sayen motar hannu ya lura da wannan. Wasu dillalai sukan ɗura mai mai kauri ainun domin ya toshe ratar ya danne ƙarar, wasu kuma sukan ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Sai a nemi a ta da shi da sanyinsa, a kuma saurare shi bayan an yi tafiya mai ɗan nisa.

Tun daga motocin 1996 Amurka ta wajabta tsarin da ake kira OBD-II, wanda ke ba da damar a jona na'ura a karanta abin da kwamfutar mota ta rubuta, kuma yawancin motocin hannu da ke shigowa suna da shi. Abu ne mai amfani ƙwarai, amma kwamfuta abin da na'urorinta suka auna kaɗai ta sani. Metal na iya kaiwa gargara ba ta rubuta kome ba. Matashin da ya jona na'ura ya ce mota lafiya lau, alhali ana jin gwaf-gwaf daga bakin ƙofar gareji, bai gama koyon sana'arsa ba.

Wanda zai leƙa inji yana aiki ya tuɓe babbar riga tukuna, ya naɗe hannun rigarsa, mace kuma ta kama mayafinta, domin bel ba ya sakin abin da ya kama, fankar lantarki kuwa takan tashi da kanta ba sallama. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, kada kuma a ta da inji a rufaffen ɗaki, gama hayaƙinsa yana kisa.

In an isa gareji, kada mai mota ya yanke wa bakanike hukunci ya ce tafet ne, domin wani zai saita tafet ɗin ya karɓi kuɗinsa, ciwon yana nan. Ya ba da labari kamar yadda majiyyaci ke ba likita: yaushe ƙarar ta fara, da sanyi ko da zafi, a tsaye ko a tafe, a tudu ko a gangara, a ina aka sha mai na ƙarshe, yaushe rabon da a juye baƙin mai. In ƙarar mai zuwa ce ta tafi, ya ɗauke ta a wayarsa sa'ad da take yi. In an ce sai an buɗe inji, ya nemi a fara sauke kwanon mai a nuna masa abin da ya kwanta a ƙasansa. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ja-ja ko fari-fari, shi ne shaidar metal ya cinye, in kuwa babu, yana da hujjar neman a auna matsin mai kafin a kwance ko da noti ɗaya.