Sadaukan Takarda: Waɗanne Suka Cancanci Shiga Adaka?

 

Na san akwai waɗanda suka ji abin da zan yi magana a kai suka ce lallai abin ya kai: a tara dattawan Dutsi don a yi musu zancen littattafan zane, irin masu ɗauke da ƙato sanye da mayafi yana shawagi a sama. Ina roƙon su ara mini hankalinsu na ɗan lokaci. Babu yaro a zauren nan da bai san Spider-Man ba. Ya gan shi a waya, ya gan shi a gidan kallo, yana ma goye da shi a jikin jakar makaranta. Baƙon ya riga ya shigo gida. Abin da ya rage mana shi ne mu san asalinsa, mu zaɓi na zaɓa, mu kuma adana na adanawa.

An fitar da Superman a Amurka a 1938, cikin mujallar Action Comics ta farko, ana sayar da ita santi goma. Shekara huɗu kafin nan, a 1934, an riga an buga Ganɗoki na Malam Bello Kagara, Walin Katsina, wanda ya fito daga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933. Wanda ya karanta shi ya san irin ɓarnar da Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka yi wa maza da aljannu. Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da dokinsa Ƙwalele. Asalin Iliya jarumin tatsuniyar Rasha ne, amma an sa masa riga da rawani har da yawa ba su taɓa zargin baƙo ba ne. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Har yau matasa na haɗiye littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini kamar ba gobe. Kuma duk wata baiwa da Amurkawa suka raba wa jarumansu, labaranmu sun riga sun raɗa mata suna: mai ɓacewa yana da layar zana, wanda ƙarfe ba ya ci ɗan tauri ne, mai sandarar da hannun abokin gaba yana da sagau, wanda harbi ke kauce masa yana da kau-da-bara.

Ke nan sadauki ba mu rasa ba. Zanensa muka rasa, shafi bayan shafi, yadda yaro zai riƙe shi a hannu.

Waɗanda suka yi makarantar kwana a ƙarshen shekarun 1960 za su tuna African Film, mujallar da kamfanin Drum ke bugawa, mai ɗauke da Lance Spearman, wanda kowa ke kira Spear, da hularsa da sigarinsa da kwat. Wannan hotuna ne aka ɗauka aka jera, aka sa wa mutanen magana a baki. Daga baya, a 1975, aka fito da Powerman, jarumi baƙar fata mai ƙarfin tsiya, mai tashi sama, wanda aka ƙirƙira musamman domin kasuwar Nijeriya. A Ingila ake zana shi a turo. Abu ɗaya tak ke iya kayar da shi, wato saran maciji, wanda ni a ganina wannan ya fi dutsen da ke kayar da Superman ma'ana ga duk wanda ya taɓa shiga gona da damina. Matasa biyu ne ke zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland. Gibbons shi ne daga baya ya zana Watchmen, wanda ya fara fita a 1986, Bolland kuma ya zana The Killing Joke a 1988, kuma duka biyun suna cikin littattafan zane mafiya suna a duniya. A kan yaran Nijeriya suka goge hannunsu. Yau a nemi cikakken jerin Powerman a ɗakunan karatun Arewa a gani.

Akwai wani abu game da Powerman da ke ba ni dariya. Masu bugawa sun sa an lambata kowane gida na zane, ɗaya, biyu, uku, wai don kada mai karatu ya ɓace. A lokacin yaranmu sun yi shekaru suna bin Spear ba tare da an riƙe musu hannu ba. Sai dai in an yi adalci, yaron da ya fara da allo idonsa daga dama yake farawa, kuma abin sha'awa, littattafan zane na Japan ma daga dama ake karanta su. Ina jin almajiri zai fi ɗan boko saurin sabawa da su.

Bari in nuna muku yadda shafin zane ke aiki, da labarin Daura da ba sai na koya wa kowa a nan ba. A gida na farko, dare ne, baƙo na tsaye bakin rijiyar Kusugu da guga a hannu, dokinsa na bayansa. A na biyu, igiya ta yi nauyi, jijiyoyin damtsensa sun tashi. A na uku, kan macijiya ya leƙo, idanunta kaɗai ke haske, hannun baƙon ya kai ga wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. A na huɗu, gari ya waye, mata sun yi cirko-cirko da tuluna, ranar kuwa ba Juma'a ba ce. To ina saran? Ba a zana shi ba. Mai karatu ne ya yi shi da kansa, a ɗan farin filin da ke tsakanin gida na uku da na huɗu. Shi ya sa ban yarda da masu cewa wannan karatun malalata ne ba. Fim yana gama wa yaro komai, shi kuwa shafin zane yana bar masa rabin aikin. Malaman firamare da ke fama da ɗan aji biyar wanda bai iya haɗa jimla ba, ga tsani nan: kalmomi kaɗan ne, hoto na tallafa musu, kuma yaron na son sanin abin da ya faru.

Wa zai zana mana waɗannan gidaje huɗu? A nan mai tara littattafai ya shigo, kuma shi ne ainihin dalilin tsayuwata gabanku. Ba a koyon wannan sana'a a sarari. Duk wani mai zane da ya shahara, da kwaikwayo ya fara: ya sami tarin littattafai wurin yayansa ko maƙwabci, ya shimfiɗa takarda ya yi ta kwafa har hannunsa ya faɗa. A kowace makaranta a Dutsi akwai yaron da ke cika bayan littafin lissafi da zanen mota da doki da 'yan dambe, yana shan bulala a kai. Wannan yaron bai taɓa riƙe littafin zane na kirki ba, bai san akwai masu cin abinci da abin da ake dukansa a kai ba. In babu tari a gari, ba za a sami mai zane a gari ba.

Da me za a fara? Ni da na gida nake farawa. Roye Okupe, mai kamfanin YouNeek, ya yi Malika, labarin sarauniya mayaƙiya a Afirka ta Yamma ta ƙarni na goma sha biyar, kuma duk wanda ya san tarihin Amina ta Zazzau zai ga inuwarta a ciki. Zanen ya yi kyau, ko da yake idon Bahaushe zai ga sutura da gine-ginen da ba su yi kama da namu ba, wanda hakan ma darasi ne: in ba ka zana kakarka ba, wani zai zana ta yadda ya hango. Shi ne kuma ya yi Iyanu. Akwai kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, mai Guardian Prime, wanda ya saki labaransa da yawa kyauta a intanet. Daga ƙetaren iyaka, tunda Damagaram ba nisa, masu jin Faransanci su nemi Aya de Yopougon na Marguerite Abouet, wanda ya fara fita a 2005. Ba mai tashi sama a cikinsa, rayuwar unguwa ce a Abijan, amma na manya ne.

Daga Amurka, ina ba da shawarar Ms. Marvel ta 2014, wadda G. Willow Wilson ta rubuta. Kamala Khan yarinya ce Musulma 'yar asalin Pakistan, kuma rabin wahalarta ba mugaye ba ne, yadda za ta fita da dare ba tare da iyayenta sun sani ba ne, abin da zai buɗe hira mai amfani tsakanin uwa da 'ya. Sai Black Panther, wanda ya fara bayyana a 1966, musamman sassan da Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, ta rubuta. Ga manyan ɗalibai da malamai, akwai Maus na Art Spiegelman, kan kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, wanda ya sami lambar Pulitzer a 1992. Wanda ya gama shi ba zai ƙara cewa zane wasan yara ne ba.

Ban ce a kwaso komai ba. Watchmen da The Killing Joke da na yaba ɗazu, kada a ba yaro. Da yawa daga cikin na Amurka suna zana mata da suturar da ba za ta shiga gidajenmu ba, wasu kuma jarumansu gumakan wasu al'ummu ne. The 99, wanda Naif Al-Mutawa ɗan Kuwait ya fito da shi a 2006 don yaran Musulmi, shi ma ya gamu da fatawar malaman Saudiyya a 2014, saboda jingina jarumansa da sunayen Allah. Mai saye ya san haka kafin ya saya. Hukuncin zanen mai rai kuwa, ga malamai nan zaune, su ne masu wannan fage, ba ni ba. Abin da na roƙa kawai shi ne babba ya karanta kafin ya miƙa wa ƙarami. Amurka ta taɓa bin hanyar tsoro: a 1954, bayan littafin wani likita Fredric Wertham, aka ɗora wa littattafan zane laifin lalata yara, masu buga su suka kafa wa kansu ƙa'idar tacewa mai tsanani, kamfanoni da dama suka durƙushe. Yaran ba su daina neman labari ba, talabijin suka koma.

Saura adanawa. Galibin waɗannan littattafai da takardar jarida ake buga su, wadda ke yin ja ta yi ƙamas da kanta ko ba wanda ya taɓa ta. A ƙasarmu ga gara, ga ɓera, ga ƙurar hunturu, ga danshin Agusta, ga mai ƙosai da ke neman abin ƙunshi. Wanda ya taɓa buɗe kwali bayan damina ya san abin da nake nufi: bango lafiya lau, ka ɗaga shi, cikin ya zama ƙasa, gara ta yi hanyoyinta daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Don haka kwali ba wurin ajiya ba ne. A sami adakar ƙarfe, a ɗora ta kan bulo nesa da bango. Kowane littafi ya shiga ledarsa, bayan an tabbata ya bushe sarai. A zuba busasshen ganyen darbejiya a ƙasan adakar. In shafi ya yage kada a liƙa masa salatif, don gam ɗinsa na cin takarda ya bar tabo. In ƙarfen da ya ɗinke tsakiya ya fara tsatsa, a cire shi a ɗinke da zare. Da rani a fito da su su sha iska a inuwa, ban da rana. Ba sabon ilimi na kawo muku ba. Gidajen malamai a ƙasar nan sun riƙe rubutun hannu cikin gafaka fiye da shekara ɗari, da irin wannan kulawa.

Za a tambaye ni kuɗi, don haka bari in faɗa. A Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na waccan mujalla ta santi goma a kan dala miliyan shida. Dalili shi ne, cikin wajen dubu ɗari biyu da aka buga, kimanin ɗari ake jin sun rage. Sauran iyaye sun zubar, ko an kwashe su a gangamin tara takarda na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kada wannan ya ruɗi kowa. Abin da za ka saya yau an buga shi da yawa, kuma dubban mutane na adana nasu cikin leda, ba zai sa ka kuɗance ba. Masu irin wancan tari ma rufe littafin suke yi cikin roba, ba mai ƙara buɗe shi. Ni wanda ya yi laushi don yawan hannu ya fi burge ni.

Shawarata ga shugabannin makarantu ƙarama ce. Adaka ɗaya, da kwado, da littafin rajista. A ɗora malami ɗaya mai sha'awa a kanta. Tsofaffin ɗalibai da ke Kano da Kaduna da Legas, kowa in zai zo Sallah ya riƙo littafi ɗaya. Masu sayar da gwanjon littattafai a manyan garuruwa sukan samu. Dattawan da ke da ragowar Spear ko Powerman a ƙasan akwati, a ba mu aro mu ɗauki hotonsu shafi-shafi mu mayar. Aro mako ɗaya, wanda ya ɓatar ya biya. A ajiye farar takarda da fensir kusa da adakar, kuma yaron nan mai cika bayan littafin lissafi, shi za a fara ba mabuɗi.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. A buɗe fagen tambayoyi.