Zambar Inshora da Dokar Kare Mai Tona Asiri



An nemi in ɗan yi bayani a kan zamba cikin harkar inshora da yadda doka ke yaƙar ta. Shi mazambaci ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau ya karɓi diyyar haɗarin mota a wannan kamfani, gobe ya kai takardun haɗarin nan wani kamfanin. Su kuwa kamfanoni, ko sun ga alamar ƙarya sukan ja bakinsu su yi shiru, don gudun kada wanda suka zarga ya maka su kotu a kan ɓata suna. Asarar kuma a kan mai gaskiya take ƙarewa, domin shi ake ƙara wa kuɗin da yake biya.

A shekarun 1970 ƙona gine-gine da gangan don cin kuɗin inshora ya yi ƙamari a Amurka. Sai jihohi suka fara kafa dokar da ta ce idan kamfani ya miƙa wa hukuma bayanin abin da yake zargi, ba za a ci shi diyya ba, muddin ba da ƙeta ya yi ba. A 1992 aka kafa cibiyar NICB, wadda ke haɗa kamfanoni da 'yan sanda. A Birtaniya ma an buɗe rumbun CUE a 1994, inda ake ajiye bayanan waɗanda suka nemi diyya, domin kowane kamfani ya duba kafin ya biya.

Sharaɗin nan na rashin ƙeta shi ne ƙashin bayan dokar. In babu shi, ma'aikaci ɗaya mai ƙullin zuciya zai iya shafa wa mutumin kirki kashin kaji, sunansa ya shiga rumbu, kowane kamfani ya juya masa baya. Saboda haka wajibi ne a ba mutum damar ganin abin da aka rubuta a kansa, ya nemi gyara idan ƙarya ce. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ba ɗan ƙasa wannan haƙƙi.

Mu ma muna da rumbun NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ke kula da shi. Roƙona gare ku, kowa ya sa lambar motarsa a ciki ya tabbatar takardar da aka yankar masa ba ta jabu ba ce, tun kafin ranar da zai buƙace ta.