Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau daga nan Landan zan yi muku magana kan yadda ƙasa ke tsare hanyoyin jigilar kayanta in masifa ta auka mata.

Ran 7 ga watan Satumba na 1940, jiragen saman Jamus suka yi ruwan bama-bamai a kan tashoshin jiragen ruwa na gabashin wannan birni, rumbunan abinci da na katako suka kama da wuta. Sai hukuma ta karkatar da manyan jirage zuwa yammacin Birtaniya, wato Liverpool da kogin Clyde.

To, nan fa wata wahalar ta ɓullo. Jirage suka yi cincirindo, rumbuna suka cika, taragon jirgin ƙasa ya yi ƙaranci. Dabara uku aka yi. Aka kwashi 'yan dako da kwale-kwale daga Landan zuwa Clyde, ana sauke kaya tun jirgi yana tsakiyar ruwa. Aka gina ma'ajiyoyi nesa da gaɓa, don kada kaya su kwana a tasha. Sa'an nan a farkon 1941 aka naɗa wa kowane yanki shugaba ɗaya mai cikakken iko.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Lokacin farin 1973 da 1974, hatsin agaji da ake kai wa Nijar ta Kwatano yakan yi jinkiri, domin layin dogo a Parakou ya tsaya, daga nan sai manyan motoci. A 1975 kuma, bayan gwamnatin Nijeriya ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, jirage fiye da 400 suka yi jerin gwano a bakin Ikko. Wasu suka yi watanni, ana biyan kuɗin jira, siminti yana daskarewa, abinci da magani ba su sami hanyar shiga ba. Sai a 1977 aka buɗe sabuwar tashar Tin Can.

Abin lura shi ne, samun kaya daban, isar da su daban. Ƙasar da ta dogara ga tasha ɗaya ko hanya ɗaya, ranar da ta toshe, talaka ne zai kwana da yunwa. Saboda haka tun ana zaman lafiya ake tanadin hanya ta biyu, a kuma san wanda zai ba da umarni. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku huta lafiya.