Jawabin Kwamitin Mota a Taron Shekara

 

Kun san Peugeot 505 mai gazuwal da muka saya da kuɗin asusu don kai marasa lafiya gidan likita a Maraɗi. A bazarar bana mun ɗauko mai naƙuda, direba ya kashe inji a Tasawa don shan mai, motar ta ƙi tashi sai da ta huce. Allah ya kiyaye, an sauka lafiya. Wasu sun ce a sayar, wasu sun ce a sayi sabon famfon gazuwal. Mu dai shawararmu, a fara bincike daga mai araha.

Motar da ke tashi da safe, ta ƙi tashi da zafi, ba kasafai laifin buji ba ne, don aikinsa ɗumama inji mai sanyi. Abu 3 ake dubawa.

Na farko, a saurari demarer. In yana juyi da nauyi, a kankare bakin batir, a ɗaure babbar wayar da ke haɗe da jikin mota. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. Tsohon demarer kuwa yakan raunana in ya yi zafi.

Na biyu, iska a hanyar mai. A sa tiyo mai haske tsakanin mataci da famfo. In an ga kumfa, akwai tiyon da ya tsage.

Na uku, famfon kansa. Zafi yana tsinka gazuwal, in kan famfo ya ci, mai ya riƙa zurarewa ciki, bai kai wa inji da ƙarfi. Gazuwal mai gauraye da kananzir ko ruwa shi ke cinye shi. Kada a kwara masa ruwan sanyi yana da zafi, yana iya kamewa.

Tamu, demarer ne da waya mai tsatsa. An gyara, famfo lafiya lau.

Sai warin kilim da tsofaffi suka yi kuka da shi. Kilim yana tara raɓa, ta fita ta wani ɗan tiyo a ƙarƙashin mota. Ƙurar hunturu ta toshe shi, ruwa ya kwanta, fumfuna ta fito. An buɗe shi, an share ganyen da ke gindin gilashin gaba. Mun umurci direba ya kashe kilim, ya bar fanka minti 5 kafin ya tsaya. Amma in warin hayaƙi ne, a sauke gilasai nan take a nufi garaji, don hayaƙi yana kisa.

Roƙonmu 2 ne: a daina sayen gazuwal na kwalba, kuma kowa ya biya kuɗin wata. Wanda za a ɗauka gobe, Allah kaɗai ya san shi.

Allah ya tsare hanya. Wassalam.