Ris, Kyanwar Tsaunukan Dinarik, da Jinin da Ya Kusa Ƙare Ta



A tsaunukan Dinarik, inda Sulobeniya ta yi iyaka da Kuroshiya, akwai wata kyanwar daji da mutanen wurin ke kira ris. Ba ta kai damisa girma ba, nauyinta bai fi kilo 20 da ɗoriya ba. Wutsiyarta gajera ce mai baƙin kai, kunnuwanta da tukun gashi, abincinta kuwa wata 'yar barewar kurmi. Har wani dutse a Kuroshiya, Risnjak, da sunanta ake kiransa.

A farkon ƙarni na 20 farauta ta ƙarar da ita a wannan yanki. A 1973 mafarautan Sulobeniya da kansu suka ɗauko guda 6 daga Sulobakiya, maza uku mata uku, suka sake su a dajin Kočevje. Suka hayayyafa, suka bazu har Bosniya. Kowa ya yi murna.

To, nan ne nake so mu tsaya. Duk makiyayin da ya san aikinsa ya san garken da bai taɓa ganin bijimin waje ba: 'yan maruƙa kan zo da rauni, haihuwa ta ragu. Abin da ya sami ris ke nan. Daga dabba shida kaɗai duk suka fito, wasunsu ma 'yan'uwan juna ne tun farko, kuma shekaru suka yi ta tafiya ba sabon jini. Adadinsu ya soma raguwa, kuma ba bindiga kaɗai ce ta jawo ba. A ganina wannan ita ce halakar da ta fi ban tsoro, domin ba ta da ƙara. Dajin na nan kore shar, dabbar kuwa tana lalacewa daga ciki.

Shirin LIFE Lynx, wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa daga 2017 zuwa 2024, ya kawo ris 18 daga Romaniya da Sulobakiya, aka saki wasu a Dinarik, wasu a tsaunukan Alps. Na farko da aka saka a Sulobeniya a 2019, wanda aka raɗa wa suna Goru, bai daɗe ba ya samu mata a dajin, ta haifa masa 'ya. Ana ƙidaya su da kyamarorin da aka ɗaure a jikin bishiyoyi, domin zanen fatar kowace daban yake, kuma mafarauta na cikin masu lura da kyamarorin. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Sai dai namijin ris yana buƙatar fili mai faɗin gaske, bai kuma san inda ƙasa ta ƙare ba. Waya mai ƙaya da Sulobeniya ta kafa a iyakarta da Kuroshiya a 2015 don tare 'yan gudun hijira ta tsaga dajin biyu a wancan lokacin. Babbar hanyar mota da ta tashi daga Ljubljana zuwa gaɓar teku kuwa har yanzu tana tsakanin ris ɗin Dinarik da waɗanda aka saka a tsaunukan Alps, kuma haɗuwar ɓangarorin biyu ita ce aikin da ya rage.